Kunnen da Ya Ƙare a Kan Muryoyin Jama'a

Shekara talatin da ɗaya, kullum kafin masu shara su gama da baranda, Baba Injiniya ya riga ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyo. Sai ya goge makirufo da hankici, ya kashe fanka, ya tsaya shiru yana sauraren ɗakin. In akwai wayar da ke ƙara, shi ke fara jin ta.

Da aka kawo kwamfutocin tebur, ma'aikata suka yi murna, wai an huta da tsofaffin na'urori. Shi kuwa ya saurari 'yan lasifikokinsu ya girgiza kai. "Waɗannan na jin waƙa ne a ofis. Daɗin baki gare su, ba sa faɗa maka aibin aikinka." Aka yi dariya, aka ce tsufa ne.

Direban gidan bai yi dariya ba ranar da ya kawo masa yayarsa, malamar firamare. Saura kwana huɗu likitoci su cire mata maƙogwaro, tana so ta bar wa 'ya'yanta biyu muryarta. Sun gwada ɗauka da kwamfutar gida, kugin injin ya danne maganar, ga muryar da ma ta dishe.

"Baba, haka za su riƙa tuna ni?" in ji ta. "Kamar mai magana daga cikin rijiya?"

"A'a, ƙanwata. Zauna."

Ya fitar da kwamfutar ɗakin waje, ya ja doguwar waya, ya rataye barguna a bango, ya haɗa makirufon da ya fi ji da shi. Minti biyar take yi ta gaji. Sai ya tsayar, ya miƙa mata ruwan ɗumi, ya jira. Kwana uku suna haka. Da dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar nasiha, ta ce ya goge.

"Ba zan goge ba. Ita za su fi nema."

Kai ne, Baba, mai gyara muryar kowa, naka sunan ko sau ɗaya ba a ambata a rediyo ba. Gwanin saurare, ka ba aiki kunnuwanka har ya cinye su.

Bara wata mai gabatar da shiri ta ce, "Baba, ba ka jin tsuwar nan a ƙarƙashin maganata?" Ya ƙara murya, bai ji ba. Ya cire abin sauraron da ke kunnensa ya daɗe yana kallon sa. Kunnensa na hagu ya mutu, na dama yana bin sa. Da kansa ya rubuta takardar ajiye aiki, ya ce ba zai cuci masu sauraro ba.

Ranar sallamarsa malamar ta zo, gyale naɗe a wuya. Ita ba baki, shi ba kunne. Ta rubuta a takarda: "Yaran sun haddace har da dariyar." Ya karanta, ya juya ya fuskanci bango.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri. Ku da kuka gaji kujerarsa, ku riƙe muryar mutum amana. Ku kuma leƙa shi gida. Ku zauna ta damansa, ku ɗaga murya, in ya ce ku maimaita kada ku ƙosa.