Ruwan Karan Dawa

Kakarmu a Adogi ba ta taɓa ƙarasa tatsuniyar shinkafa ba. Ta wuni a duƙe a fadama tana cire ciyawa, bayan magariba ta zauna bakin murhu ta miƙe ƙafa, mu jikoki mu kewaye ta. Ta ce, "Ga ta nan, in kuna so. Ni dai bayana ciwo yake."

Wai Ciyawa ce ta zo wa Shinkafa baƙunta, ta roƙi wurin sa ƙafa ɗaya. Kafin a ankara ta haihu har bakin ƙofa. Shinkafa ta kai ƙara wurin Fartanya. Fartanya ta ce, "Ni ba ni da baya, na mace nake ara, shi ma ya kusa ƙarewa." Sai Shinkafa ta wuce wurin Karan Dawa, wanda aka yar bayan girbi. Kara ya ce, "A sassara ni, a jiƙa ni, a watsa wa Ciyawa ruwana tun tana ƙarama. Amma..."

Nan Kaka ke fara gyangyaɗi. Kullum nan. Mu taɓa ta, "Kaka, amma me?" Ta ce, "Amma ku ƙyale ni."

Yanzu ni ce kakar, fadamar tana hannuna. Maganin feshi na kanti tari yake sa ni, na daina. Bara ɗana Audu ya zo daga Lafia ya ce, "Mama, ba ki feshi, ba ki iya duƙawa. In ciyawa ta cinye gonar nan bana, a ba wani ya noma."

Na ce, "Kai ka haife ni?"

Na sassara kara, na jiƙa a duro har ruwan ya yi duhu, na tace, na watsa. Ciyawar ta yi laushi, ta tsaya, shinkafa ta wuce ta. Amma ba ta mutu ba. Sai da na shiga da hannuna, ko da yake ba kamar da ba. Ina duƙe, ruwa har ƙauri, na gane sauran maganar Kara: amma dai sai kin duƙa. Ashe ba barci kaɗai ke kama Kaka ba. Wa zai faɗa wa ƙananan 'yan mata wannan?

Gonar ba ta bar hannuna ba. Bayan girbi Audu ya ɗauki buhunsa na shinkafa ya koma Lafia.

Jiya na yi wa jikata tatsuniyar. Ta ce, "Kaka, amma me?" Na rufe ido.