Allura a Huhun Mai Faci

Babanmu mai faci ne. Tun kafin a haife ni yake bakin titi da injin iska da bahon ruwa, kuma ba ya gaishe ka sai ya duba tayarka. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne ƙusa, sai mai keken da ke neman ragi a kuɗin faci.

Da tari ya ƙi barinsa, hoton ƙirji ya nuna wani ƙullutu a gefen huhu. Likita ta ce ana zargin ciwon daji ne, amma sai an tsakuro ɗan nama da allura an kai gwaji. Za a bi allurar da na'urar sikanin, irin ta masu ciki.

"Likita," in ji Baba, "abu mai iska za ki soka wa allura?"

Ta ce tana kallon bakin allurar a allon na'ura har ya isa wurin, kuma iska takan ɗan zurare wa wasu, shi ya sa ake sake hoto bayan an gama. Ya ce ai ya sani. Sai da na yi masa kuka wiwi sannan ya yarda.

Aka kwantar da shi, aka shafa masa mai mai sanyi, aka kashe wurin. Likita ta ce ya riƙe numfashi, ya riƙe. Ƙas! An gama.

Nas na juya baya, wallahi sai ga Baba ya ɓare filasta, ya lakato yawu ya shafa a hujin, ya ƙura ido ko zai yi kumfa.

"Baba, mene ne haka?" in ji nas.

"Ba ya yoyo, 'yata. Aikinta ya yi kyau."

Ta wanke wurin tana faɗa, shi kuwa ko a jikinsa.

Ranar karɓar sakamako ni na raka shi. Daji ne. Likita ta zayyana yadda magani zai kasance, ya saurara, ya yi mata godiya. A ƙofar gida ya riƙe mini hannu.

"Kar ki faɗa wa uwarki yanzu. Ta sha wahalar girkin nan, bari a ci tukuna."

Ya cinye, ya nemi ƙari, Inna sai murna take wai cin abincinsa ya dawo. Ni ce loma ta ƙi wuce mini, har Inna ta tambaye ni ko gishiri ne ya yi yawa.