Laka a Tafin Hannun Asta

Ni na goya Asta, kowa a ƙauyenmu na bayan Bunkure ya sani. Ƙanwata ce, kuma tun tana budurwa babu mai kamo ta a dashen shinkafa. Kafin ki gama layi ɗaya ta yi biyu, tana yi tana tsokanar mutane.

Shekara huɗu ke nan da motar tumatir ta kife da ita da mijinta Sammani a hanyar kasuwa. Shi nan take ya cika, a kan ƙafafunta, ita kuwa sai da aka yi awa uku kafin a zaro ta. Ƙashi ya warke, amma tun daga nan Asta takan tafi ta bar jikinta. Tana cikin tuƙa tuwo sai muciya ta tsaya, ido a buɗe, ba ta ji ba ta gani. In ta dawo sai ta kalli hannunta ta ce kamar na wata ne. Likita a Kano ya ce ba iska ba ce, firgita ce ta yi wa hankalinta yawa, shi ne yake guduwa ya ɓuya.

Wa ya ɗauko ta ya riƙe? Ni. Wa ya yi jinya da wanki? Ni ɗin dai. In abin ya zo, na jijjiga ta, na kira sunanta har muryata ta dushe, sai ta ga dama take dawowa.

Sai ga Binta mai nono, wadda 'yarta ta nutse a kanal ɗin ban ruwa, ita ma da irin wannan lalura. Ta ja Asta cikin wasu mata biyar masu dashe, kowacce da abin da idonta ya gani. Wata rana na kai musu abinci, na tarar Asta ta ƙame a tsakiyar gona. Ba wadda ta yi ihu. Binta ta ɗebo laka mai sanyi ta danna mata a tafin hannu, tana cewa a hankali, "Yau Talata ce, gonar Usaini muke, ga ruwa a ƙafarki." Wallahi ko minti biyar ba a yi ba Asta ta yi ajiyar zuciya, har da dariya. Dariyar da na shekara huɗu ban ji ba!

Kishi ya turnuƙe ni, ba zan ɓoye ba. Haba! Ni da wahala, mai nono da dariya? Na ce rana ce ke tayar mata da ciwo, na hana ta fita. Sau biyu Binta tana sallama, ina ce mata barci take.

Bayan sati biyu, muna turara shinkafa a tsakar gida, Asta ta tafi a tsaye gaban tukunya, wuta na lasar zanenta. Na fizgo ta na zaunar. Na jijjiga, na kira, na yi kuka, shiru har la'asar. Ba ta taɓa daɗewa haka ba.

Da na rasa yadda zan yi, na ɗebo laka a gindin randa na danna mata a hannu. Na sassauta murya na ce, "Yau Alhamis ce, a gida muke, ga tabarma a ƙarƙashinki."

Yatsunta suka motsa. Ta damƙe hannuna gam, idon bai gama dawowa ba, ta ce, "Binta?"

Na buɗe baki zan gyara mata. Amma na ji tsoron in na ce ni ce, ta koma.

Na ce, "Na'am, ga ni."