Kaltuma ta Tabotaki da Hannun Hagun Nasiba

Da sunan Allah Mai rahama, wanda Ya halicci gaɓoɓin ɗan Adam bibbiyu, bai yi ko guda a banza ba.

Shekara talatin da biyu ke nan Kaltuma tana idar da sallar asuba ta share tsakar gidanta a Tabotaki, ta jiƙa yumɓu a kasko, ta tsinto gawayi daga murhu ta jera gindin rumbu. Kafin hantsi matan da za su gona sun sauke mata goyonsu. Bangon rumbun nan ta bar wa yara, su zana abin da sunka ga dama. In ya cika ta yaɓe shi da sabuwar laka, su sake. Bana gwiwoyi sun gaza, ta ce ta aje reno, shi ya sa ya wajaba a faɗi abin da ta yi tun tana ji da kunnenta.

Cikin yaran bara akwai Nasiba, ɗiyar Mahamud tela, mai shekara uku. Da hagu take zane, bakinta kuwa ba ya hutawa: wagga akuya ce, wanga moton Baba. Sai anka yi kwana tara ba a kawo ta ba. Ranar da ta dawo ta zauna gefe shiru, kanta a sunkuye. Kaltuma ta miƙa mata gawayi, sai ta ga hannun rigar na hagu yana reto, babu kome ciki.

Salati ya kuɓuce mata. Ta zaci yanke hannun anka yi a gidan likita. Ta ɗaga rigar, ta tarar da hannun ɗaure ga ƙugu da ƙyallen atamfa, yatsun sun kumbura, sawun ɗaurin ya kwanta cikin fata. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da haƙori ta kwance shi. Ta goya yarinyar, ko mayafi ba ta tsaya nema ba, ta nufi shagon uban kusa da masallaci, inda muke zaune mu malaman gari da liman.

"Mamudu, wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ne, Inna. Bahaguwa ce. In ta girma haka, wa za shi ci tuwonta? Kuma na ji ga wa'azi an ce da dama ake yin kome."

"Kome? To aje hagunka bisa cinya ka ɗinka mini rigag ga da hannu guda in gani. Ni na goye ka, ɗan nan. Har ka shekara huɗu kana shan majina, wa ya ɗaure maka hanci?"

Babu wanda ya yi dariya, domin idanunmu na kan yatsun. Kwana tara yarinyar nan na wucewa ta gabanmu, mu da ke karantar da mutane, ba wanda ya lura. Liman ya yi bayani: ci da sha da gaisuwa da dama ladabi ne, da lallashi ake koya wa yaro shi. Zane da gawayi bai shiga ciki ba. Cutar da ƙaramar yarinya kuwa, wannan shi ne abin da za a tambayi mutum a kai gobe ƙiyama. Mahamud ya zame daga kan kujerar keken ɗinkinsa ya dafe kai.

Kumburi ya saɓe cikin mako guda, amma Nasiba ba ta dawo yadda take ba. Ba ta magana, ba ta wasa, in an matso ta sai ta ɓoye hannun a baya. Kaltuma ba ta roƙe ta ba, ba ta tsawata mata ba. Kullum sai ta zauna kusa da ita, ta riƙe gawayi da nata hagun, ta yi ta zana akuya mai ƙafa uku, kai a karkace. Kwana ashirin da shida tana haka. Rannan yarinyar ta dubi bangon, ta tsuke fuska, ta ce, "Kaka, ba haka ba ne." Ta fizge gawayin da hagu ta ƙara ƙafa ta huɗu. Uwarta Saude, da ta zo ɗaukarta, ta durƙushe nan bakin ƙofa tana kuka.

Ke ce, Kaltuma, kika ga abin da malamai ba mu gani ba. Uwar goyon gari, ba ki riƙe allo ba, amma kin karantar da mu. Mun gode. Allah Ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwa, Ya miƙa miki littafinki da dama.

Ku kuma iyaye, in yaronku mai surutu ya yi shiru, kada ku ce ya yi hankali. Ku durƙusa daidai tsawonsa, ku duba abin da anka yi mishi.