Tsutsar Tumfafiya a Jarwal

Duk inda na ga tumfafiya a bakin hanya, Jarwal nake tunawa. Na gan ta a Sudan, na gan ta a Indiya, kowa da sunan da yake ba ta. Larabawa ushar suke ce mata. Amma a Makka na fara saninta, tun gidajen unguwarmu Jarwal na katako da kwano ne.

Wata shekara da sanyi ya shigo, na ga wata tsutsa mai zanen baƙi da rawaya a kan ganyenta. Na tsinko ganyen da tsutsar a kai, na sa a gwangwanin madara, na kai gida. Kakata, wadda ta taso daga ƙasar Hausa da ƙafa ta bi ta Chadi da Sudan, ta riƙe baki.

"Maigida, a cikin Harami ka tsinki ganye? Ba ka san ba a cire tsiron Makka ba?"

Na ce zan mayar. Ta leƙa gwangwanin, ta daɗe tana kallo.

"A gida da damina suke fitowa. Wannan ɓatan kai ta yi, baƙuwa ce irinmu. Bar ta, iskar dutse za ta kashe ta."

Sai maganar abinci. Tsutsar ba ta cin busasshen ganyen da ya faɗo da kansa, ɗanye kuwa ba a tsinka sai an fita iyakar Harami. Kaka ta tsiri zuwa Tan'im, can bayan iyaka, inda masu umra ke ɗaura niyya. Da ƙafa take zuwa, ta dawo da ganye ƙulle a bakin mayafi.

"Inna, a kan tsutsa?" in ji babana.

"Umra nake yi, ya walad, kai yaro. Ina ruwanka?"

Rannan ruwan sama ya kama ta a hanya. Ta shigo a jiƙe sharkaf, haƙoranta na kaɗawa, ta miƙo mini ganyen. Tari ya kwantar da ita. Kullum na shiga gaishe ta, tambayarta ɗaya: "Ta ci?"

Wata safiya tsutsar ta daina ci, ta rataye a murfi, ta dunƙule kamar koren ƙwallo. Na shiga ɗakin kaka ina kuka.

"Ba mutuwa ta yi ba, kaya take sakewa. In ta fito ka kira ni."

Kafin ta fito muka kai kaka maƙabartar Ma'ala. Maƙwabta suna ta cewa ta dace, ta kwanta a Makka. Sanyi na ja da baya, na buɗe murfi na tarar da malam-buɗe-littafi yana shanya fikafikai. Na ruga ɗakinta da gwangwanin, har na kira sunanta. Tabarmarta na naɗe a jikin bango.

Yau otal ne a inda gidanmu yake, mota kuma kan kai ka Tan'im kafin shayi ya huce. Jikokina ba su san kalmar tumfafiya ba. Ni kuwa, ko a ƙasar da babu mai hana ni, hannuna ya kasa tsinkar ganyenta.