Makon da Na Auna Mota da Ƙwaryar Ruwa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai. Sai in yi ta neman carbi alhali yana wuyana. Amma makon da na zauna a gareji ina auna mota da ƙwaryar ruwa, wannan kam sai dai a rufe ni da shi.

Maigidana manomin albasa ne, haifaffen wata tunga can bayan Jiga Makera. Bayan yara sun girma muka dawo Jega Firchin da zama, amma jikinsa ne kawai ya dawo. Ransa na can wurin wansa, don su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Yaya muke ce masa, ni da shi duka. Wata shekara Malam, maigidan nawa, ya zame a bakin rijiya, ƙugunsa ya karye. Aka kai shi wurin masu ɗori a Aliero, suka yi iya yinsu. Ƙashi ya kama, amma bai kama daidai ba. Ko tari ya yi da ƙarfi sai ka ga fuskarsa ta canja.

Motar da aka dawo da shi a ciki ta babban ɗanmu ce, a-kori-kura mai kujeru gaba da baya, wadda yake shiga gonaki da ita ɗaukar albasa. Ya sa an ɗaga ta sama har sai ka taka ƙarfe kafin ka hau. Ya kuma sa an ƙara mata sifirin, waɗannan ƙarafan masu lanƙwasa da ake jerawa falle bisa falle a ƙarƙashinta. In ta sha lodi, tafiya take kamar ruwa a kwari. In ba kaya kuwa, tsalle take kamar jakin da rina ta harba. Ranar nan ba kaya. Ina zaune kusa da Malam, ina kallonsa ya cusa bakin rawani a baki yana cizo. Tun daga Aliero har ƙofar gida bai ce wayyo ba. Da aka sauke shi, abin da ya faɗa ke nan: “Ni da wagga mota, sai dai gawata.”

Shekara biyu ya yi a zaure. Duk wanda ya zo daga wajen Jiga sai ya tsare shi da tambaya. Ruwa ya yi? An yi yaɓin irin albasa? Tsamiyar bakin gona tana nan? Yaya fa, yana fitowa masallaci? Yaya kuwa idonsa ya riga ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. An gwada haɗa su ta waya, Yaya ya ture ta. Ya ce shi makaho ne, gaisuwar da ba ta da hannu ba gaisuwa ba ce.

A ƙarshen wata damina wani maƙwabcinsu ya shigo kasuwar Jega, ya biyo ta gida. Ya ce Yaya ya bar cin tuwo, sai kunu, kuma duk wanda ya ji takunsa sai ya tambaya ko ƙanensa ne. Malam ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya juya fuska bango. Ni dai mai lura ce, shi ne aikina tun ina amarya. Da yamma na gan shi ya ciro rigarsa ta Juma'a daga akwati, ya warware, ya shafa, ya sake ninkewa ya mayar. Washegari ma haka.

Hanyar tungar nan a wannan lokaci ruwa ya gama cinye ta. Ƙaramar mota ba ta kaiwa, babur kuwa ba a maganarsa ga mai ciwon ƙugu. Mota ɗaya ce za ta iya, ita ce wadda ya rantse a kanta.

To, mai motar ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa duban idonsa na yi masa magana kai tsaye ba, haka aka raine mu. Don haka da ya shigo gaisuwa, sai na dubi murhu na ce, “Wasu mutane suna da mota, amma ba ta san tsoho ba.” Shi ma ya dubi ƙasa ya ce ai motar lafiyarta lau, ba ta da na biyu a ƙarfi. Na ce wa murhu, “Ƙarfin nan shi ne ciwonta. Gobe a kai ni wurin mai gyaranta.”

Ban taɓa shiga aji ba, ban kuwa taɓa taka gareji ba sai ran nan. Na yafa babban mayafi, na ɗauki ƙwaryata da tulun roba cike da ruwa. Makaniken dattijo ne mai raha, ya san ni ta wajen uwarsa. Da ya gan ni na sauko ya yi dariya har da tafa hannu.

“Inna, fura kika kawo muna?”

“Awo na kawo maka. Shiga ƙarƙashinta ka gaya mini abin da kunka yi mata.”

Ya shiga, ya jima, ya fito yana goge hannu. Ya yi mini bayani kamar mai karanta wa kurma wasiƙa, har na ce masa kunnena lafiya, ya rage murya. Ya ce lokacin da aka ɗaga motar an ƙara mata falle uku na sifirin don lodi. Sannan akwai wasu ƙarafa kamar taɓare a jikin kowace ƙafa, shok ake ce musu, su ne ke shanye girgiza. An ɗaga mota amma an bar mata gajerun shok ɗinta na da, sun miƙe har iyaka, ba su da sauran wurin motsi, shi ya sa duk ramin da aka faɗa sai ka ji kamar an buga guduma. Robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe sun bushe. Tayoyi kuma an cika su da iska har sun zama dutse.

Na ce, “A gaya wa mai motar, gammon da ake ɗaukar dutsen niƙa da shi daban, na ɗaukar ƙwaryar nono daban. Ubansa ba buhun albasa ba ne.”

Mai motar yana tsaye taku biyu daga inda nake. Makanike ya juya gare shi da fuskar gaskiya ya ce, “An ce a gaya maka.” Shi kuma ya ce, “A gaya wa Inna, in anka cire sifirin, lodi ya tsaya.” Na ce lodi ya tsaya. Albasa tana ajiye a rudu, rumbunta ke nan, ba ta mutuwa da kewar kowa.

Kafin a taɓa komai na ce sai an yi awo. Na zauna a kujerar baya, daidai inda Malam zai zauna, na cika ƙwarya da ruwa har kusa da baki, na ɗora a cinya. Muka bi wata hanyar gona mai gargada a bayan gari, muka je muka dawo. Da muka tsaya, zanena ya jiƙe har idon sawu, ruwan da ya rage ko alwalar yaro ba zai isa ba. Na miƙa wa makanike ƙwaryar. Daga nan ya daina dariya.

Kwana biyu ana aiki, ina zaune a benci ina kallon hannunsa. Aka zare falle biyu a kowane gefe. Aka sa sabbin robobi. Aka rage wa tayoyi iska, aka jera buhun gero huɗu a baya don ta ji nauyi ta kwanta. Sai maganar shok. Ya ajiye mini iri biyu a gabana, ya ce in danna. Ɗaya mai gas ne, na hau kansa da duk ƙarfina, da ƙyar ya shiga, ina saki ya wullo hannuna. Ɗayan mai mai ne a ciki, ya shige sannu ya fito sannu, kamar an tsoma muciya a talge. Na ce wannan nake so. Ya ce ya san shi zan zaɓa, amma wanda ke hannunsa gajere ne, ba zai kai tsawon motar ba. Dogon irinsa babu a Jega. Ya kira wani mai kayan gyara a Maiyama, ya ce zai sa direban da ke tasowa daga kudu ya taho da su, kwana uku ko huɗu. Kafin nan sai ya ɗaura dogaye masu gas da yake da su.

Muka sake awo. Wannan karon ruwa ya yi ta rawa a ƙwarya, amma bai zube ba sai a wuri biyu, ya jiƙa mini gwiwa kaɗai. Makanike ya ce, “Inna, wallahi ko mai naƙuda ana ɗauka a haka.” Na ce ban yarda ba. Na ga abin da mutumin nan ya sha, ba zan sa shi a mota ba sai ranar da ko ɗigo bai taɓa zanena ba. A jira na Maiyama.

Yau in na tuna, sai in ga ba tausayi ne kaɗai ya riƙe ni ba. Akwai taurin kai. Na saba in na ce abu ya yi, to ya yi, in na ce bai yi ba, ba mai musu. Kwana uku suka wuce, aka ce motar direban ta lalace a hanya. Na ce a jira.

A rana ta huɗu bayan azahar Malam ya kira ni zaure. Ban gaya masa komai ba, ashe labarin tsohuwa mai ƙwarya ya gama unguwa.

“An ce kin koma makanike.”

“Masu faɗa ba su da aikin yi.”

“Ruwa nawa ya zube?”

“Kaɗan. Amma ya zube.”

Ya murza gemu. Sannan ya ce, “Ke wagga, ƙwarya ba ta da wa. Ita tana iya jira.” Na ce ya tuna rantsuwar da ya yi. Ya ce zai yi kaffara, azumi uku ba ya kashe mutum. Na ce ƙugun fa? Ya ce, “Ƙugun nawa ne. Kin rage mini abin da kika iya. Sauran ki bar mini, ni ma in kai wa Yaya wani abu.”

Ban saba a kayar da ni a magana ba. Na tashi na shiga ciki, na iske mai motar a tsakar gida, na dubi murhu na ce gobe da hantsi a kawo mota.

Washegari Malam ya sa rigar Juma'ar nan. Aka ɗauke shi aka zaunar, na cusa masa matashi ta kowane gefe. Kan kwalta ba mu ji komai ba. Da muka sauka hanyar ƙasa sai na zuba wa fuskarsa ido, ina jiran ya kai rawani baki. Bai kai ba. Kansa na waje. Gero ya sunkuya ko'ina, ga fangalin irin albasa kore shar a gefen fadama, ga shanu da balbelu a bayansu. Ya dinga kiran gonaki da sunan masu su, rabinsu sun mutu. A wani kwazazzabo bayan Jiga Makera motar ta faɗa ta tashi, na ji numfashinsa ya tsaya. Sai ya kama wuyan hannuna ya damƙe. Tun da aka kai ni gidansa bai taɓa taɓa ni a gaban ɗa ba. Mai tuƙi ya kafa ido a hanya kamar ba shi a motar. Muka fita daga ramin, ciwon ya lafa, amma bai saki ba, ni ma ban janye ba, har muka hango tsamiya.

Yaya yana kwance a rumfa bisa tabarma, ya zama kamar kara. Aka ajiye Malam kusa da shi. Bai yi sallama ba, sai ya kama hannun Yaya ya ɗora a fuskarsa. Yatsun nan suka bi goshi, suka bi hanci, suka sauka a gemu suka tsaya.

“Wa ya ba ka izinin tsufa ban sani ba?”

“Kai na biyo, Yaya.”

“Ƙarya kake. Tun kana yaro ba ka bin kowa. Da mi ka zo?”

“Da ƙugu ɗaya.”

“To, ni ina da biyu, ba su amfana mini komai ba.”

Na koma wurin mata na bar su. Daga nesa ina jin su suna gardama a kan wanda ya bar akuya ta ci irin albasar babansu, abin da ya fi shekara sittin. Aka kai kunu, Yaya ya sha ludayi uku, matan gidan suna leƙe suna mamaki. Sai bayan la'asar muka taso. Malam ya kwana biyu bai iya juyawa ba, bai kuwa yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

A rana ta uku da safe makanike ya aiko cewa kayan Maiyama sun iso. Kafin azahar aka aiko daga tunga cewa Yaya ya cika.

An ɗaura shok ɗin, kuma gaskiya ne, tafiyar ta zama kamar a kan katifa. A kansu muka je gaisuwa. Malam ya ƙara shekara guda da 'yan watanni, sannan shi ma ya bi wansa. Har yau in aka ɗauke ni muka bi hanyar nan, ina sane da kwazazzabon, ko da yake an cike shi da ƙasa. Sai in ji wuyan hannuna ba kowa a kai.

Abin da na koya ban koye shi da arha ba, saura ƙiris in biya shi da abin da ba ya dawowa. Ka sassauta wa naka hanya iyakar iyawarka, wannan wajibi ne, kuma ko gobe zan sake zama a bencin nan. Amma kada ka tsare shi a gida kana jiran ranar da hanya za ta rasa gargada. Akwai wahalar da mutum yake so a bar masa ya sha, don ya isa wurin wanda ke jiransa tun yana da rai.