Ƙaryar Farfesa

A sashen tarihi kowa ya san halin Farfesa: duk darasi sai ya cusa ƙarya guda ɗaya. Da gangan yake yi, fuska a murtuke. Wai ɗalibin tarihi da ke haɗiye duk abin da aka faɗa masa, gara ya koma gida. Tun yana ƙaramin malami yake wannan tsiya, kuma ba a taɓa tashi aji ba tare da wani ya ɗaga hannu ya kama shi ba.

Sai gwiwa ta kwantar da shi, likita ya hana shi hawa bene. Jami'a ta ce ya koyar daga gida ta kwamfuta. Ranar farko ya zauna a falo, ya ɗora ta kan littattafai, ya daddanna abin da aka nuna masa. Babu fuska ko ɗaya, sai baƙaƙen akwatuna da sunaye.

Ya shiga bayanin cinikin gishiri na zamanin da. Can tsakiya ya saki tasa: wai fatake a jirgin ƙasa suke kai kayansu, tun kafin a ƙera jirgin. Ya dakata. Shiru. Ya maimaita, har da ƙarin gishiri. Shiru dai.

Wallahi gabansa ya faɗi. Ashe babu mai saurare? Sun kunna sun tafi harkarsu, sun bar tsoho yana surutu da bango? In haka ne, koyarwarsa ta ƙare.

Uwargidansa ta shigo da shayi, ta tarar ya yi tagumi.

“Malam, lafiya?”

“Na yi ƙarya, ba wanda ya tanka.”

“Yau kuma? Ikon Allah!” Ta leƙa kwamfutar. “To wannan jan ɗigon da ke ƙifta ido fa, na mene ne?”

Ya danna. Saƙonni suka zubo rututu. “Jirgin ƙasa kuma, Farfesa?” “Mun kama ka!” “Don Allah buɗe mana, ka rufe bakin kowa!”

Ashe garin danne-dannensa shi da kansa ya kashe muryar ajin gaba ɗaya. Nan take ya buɗe, hayaniya ta cika falon, kowa na rige-rigen ƙaryata shi.

Farfesa ya jingina da kujera, ya sauke ajiyar zuciya, idonsa ya ciko.

“Ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yana,” ya ce. “Duk ina jin ku.”